Kwana uku a birnin Rum da ɗan guzuri kaɗan, me za mu iya gani kyauta?

Ɗalibi_Torino ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema. Ina karatu a Torino shekara biyu kenan amma wallahi ban taɓa taka ƙafata birnin Rum ba, kullum sai in ce sai hutu sai hutu, to yanzu dai maiɗakina ta zo da yaronmu ɗan shekara huɗu kuma na samu kwana uku, Juma'a zuwa Lahadi a farkon wata mai kamawa. Matsalar ita ce bayan na cire kuɗin jirgin ƙasa da na masauki abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba, na leƙa intanet na ga kuɗin tikitin shiga wuraren nan sai jikina ya yi sanyi, mutum biyu wuri uku huɗu ai an gama da kai. Kuma ba na so in kawo baiwar Allah tun daga nesa mu ƙare a zaman ɗaki. Waɗanda suka san garin dan Allah me mutum zai iya gani ba tare da ya biya ba, kuma a ina zan samu Juma'a? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Dattijo_a_Rum ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, Rum gari ne da ko sisi ba ka kashe ba ƙafarka za ta gaji kafin abin kallo ya ƙare, saboda tarihin nasu a bakin titi yake zube, tikiti na wanda zai shiga ciki ne kawai. Na haura shekara goma a garin nan kuma duk baƙon da ya sauka a wurina da ƙafa nake zagayawa da shi.

Bari in fara da Juma'a tunda ita ce gaba. Ka kamo jirgin sassafe, idan kun ajiye kaya ku nufi Piazzale Flaminio, akwai ƙaramin jirgi da ke tashi daga nan, ku sauka a tashar Campi Sportivi, za ka ga jama'a suna tafiya sai ka bi su. Babban masallacin Rum kenan, an buɗe shi a 1995, hukumar birnin ce ta ba da filin tun 1974, Sarki Faisal na Saudiyya kuma ya taimaka ƙwarai wajen kuɗin gininsa, yana cikin mafi girma a duk Turai, harabar na ɗaukar mutum kamar 12,000. Idan ka shiga ka ɗaga kanka sama ka kalli ginshiƙan, an yi su ne kamar bishiyar dabino suna rarrabuwa suna sarƙewa da juna a ƙarƙashin ƙubba, haske yana shigowa ta gefe. Ni har yau idan na shiga sai na tsaya na ƙara kallo. Akwai wurin mata, kuma bayan sallah masu abinci suna baje koli a waje.

Asabar kuma ku fito da wuri, ina nufin ƙarfe bakwai kuna gaban Colosseum, ƙaton filin wasan Rumawan da, kafin rana ta ɗaga kuma kafin motocin masu yawon buɗe ido su fara sauke mutane. Ku zagaye shi ta waje tsaf. A shekara ta 80 miladiyya aka buɗe shi zamanin Sarki Titus, yana cin mutum wajen 50,000, ka tsaya a gindinsa ka tuna babu injin ɗaga kaya irin na yau babu mota, ƙarfin mutane ne, da yawansu bayi. A gefensa akwai ƙatuwar ƙofa mai baka ta Sarki Constantine ta shekara ta 315. Daga nan ku miƙe titin Via dei Fori Imperiali, dama da hagu duk kufan tsohon gari ne a ƙasa kana leƙawa ta kan shinge, a ƙarshen titin za ku ga ginshiƙin Sarki Trajan na shekara ta 113, an sassaƙa labarin yaƙinsa a jiki yana naɗe shi tun daga ƙasa har sama kamar rawani.

Farin ginin nan ƙato da za ku tarar a Piazza Venezia ana hawa matakalarsa kyauta har barandar tsakiya, lif ɗin da ke kai mutum can ƙololuwa ne na kuɗi, ba kwa buƙatarsa. Sirrin da nake ba kowa shi ne, ku hau tudun Campidoglio da ke bayansa, ku bi ta gefen ginin hukumar birni ku zagaya baya, akwai wurin tsayawa da za ka ga Forum gaba ɗaya shimfiɗe a ƙarƙashinka, tsohuwar kasuwa da majalisa da wuraren bautarsu, wanda ya biya ya shiga ciki ma bai kai ka ganin fasalin wurin ba wallahi.

Sai ku gangara Largo Argentina, wani fili ne a ƙasa da titi mai karyayyun ginshiƙai, a nan aka kashe shugaban Rumawa Julius Caesar ranar 15 ga Maris shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu kuliyoyi ne suka cika wurin ana kula da su, yaronka zai ji daɗi. Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawa mai ƙatuwar ƙubba, a da kyauta ne amma tun 2023 aka sa masa tikiti, ku kalle shi ta waje ku ajiye shi sai Lahadi. Dalili kuwa, duk Lahadin farko ta wata gidajen tarihi da wuraren tarihi na gwamnatin ƙasa kyauta ne, har da Colosseum da Forum da Pantheon ɗin, to idan Lahadinku ita ce ta farko ka taki sa'a.

Maman_Biyu ta amsa:

Slm. Baba ya gama magana gaskiya, ni dai ta ɓangaren uwa zan yi magana tunda na je da yara biyu na san abin da na gani. Na farko ka gaya wa matarka ta manta da takalmi mai tsini ko silifas mai santsi, titunan tsohon garin da wasu ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗa su, keken yara ma da ƙyar yake tafiya sai girgiza, mu ƙarshe goyo ne ya cece mu. Na biyu kada ku sayi ruwa ko kwalba ɗaya, ku zo da gorarku kawai, akwai wasu famfunan ƙarfe a tsaye a kan titi ruwa na zuba dare da rana, nasoni suke ce musu wai mai babban hanci saboda yadda bakin ya lanƙwasa, sun kai 2,500 a garin kuma ruwan sha ne mai sanyi ƙarara. Idan ka toshe bakin da yatsa sai ruwan ya yi tsartuwa ta wata 'yar huda a sama ka sha ba kofi, yarana duk famfon da muka wuce sai sun tsaya sun yi.

Amma Baba ka yi haƙuri a kan maganar Colosseum ranar Lahadin farko ni ban goyi baya ba, ba don komai ba sai don yaron. Mun gwada, layi ne kamar ba zai ƙare ba ga rana ga babu wurin zama, ƙaramin nawa ya yi ta kuka har muka haƙura muka fita daga layin, ranar duk ta lalace mana. In dai kyautar ake so a ci gara ku je Terme di Caracalla, tsohon gidan wanka ne na zamanin da, bangayensa dogaye ne har sai ka ɗaga kai, ga fili ga ciyawa yaro ya yi ta gudu, shi ma yana cikin na kyauta ran nan kuma cunkoson bai kama ƙafar na Colosseum ba. Sannan ka sani yaro ƙasa da shekara 18 ba ya biya a wuraren gwamnati ko wace rana ce, a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ma ƙasa da shekara 10 kyauta ne idan yana tare da babba.

Abin da yarana suka fi so kuwa shi ne igwar tudun Gianicolo, kullum ƙarfe 12 na rana daidai sojoji suke fito da ita su harba sau ɗaya, ba harsashi ƙara ce kawai, wai tun 1847 aka fara wannan al'adar a garin don duk ƙararrawar garin su riƙa bugawa lokaci ɗaya. Ku je kamar saura minti ashirin, ka toshe wa yaron kunne, kuma daga nan za ka ga rufin garin gaba ɗaya. Da yamma kuma lambun Villa Borghese, ku sayi biredi da 'ya'yan itace a babban kanti ku shimfiɗa zani ku ci, sai ku taka zuwa barandar Pincio ku kalli faɗuwar rana.

Dan Allah ku kula da abu uku. Matakalar nan ta Piazza di Spagna da ake ta ɗaukar hoto, tun 2019 an hana zama a kanta, tarar tana farawa daga Yuro 250, 'yan sanda na nan da usur, kuma mutum idan ya gaji zama ne abin da zai fara zuwa masa. Haka sa ƙafa ko hannu a wasa cikin ruwan maɓuɓɓugan nan nasu na tarihi, tara ce, ka riƙe yaron da kyau. Sai 'yan sane a cikin bas mai cunkoso da jirgin ƙarƙashin ƙasa musamman wajen Termini, babbar tashar jirgin ƙasa, jaka a gaba waya a aljihun gaba. Duk wanda ya miƙo maka fure ko zai ɗaura maka wani zare a hannu yana murmushi yana ce maka kyauta ce, ko masu shigar sojojin zamanin da waɗanda ke cewa zo a yi hoto, ka ce a'a ka wuce, kuɗi za su nema daga baya.

MaiSonTarihi ya amsa:

Ɗan uwa ni abin da ya fi tsaya min a rai da na je Rum shi ne yadda Afirka take ko'ina a garin amma sai ka ga mutane suna wucewa ba su lura ba, kuma duk a fili yake ba tikiti. Dogayen duwatsun nan masu tsini da ke tsakiyar dandali, Rum tana da tsofaffi guda 13, takwas daga cikinsu daga Masar aka ɗebo su a jirgin ruwa bayan Rumawa sun ci ƙasar. Mafi tsawo yana gaban cocin San Giovanni in Laterano, ya haura mita 30, na zamanin Fir'auna Thutmose na uku ne daga Karnak, an kawo shi Rum a shekara ta 357, kenan lokacin da aka kawo shi ma ya riga ya haura shekara 1,700 da sassaƙawa. Ka matsa kusa ka ga rubutun Fir'aunoni a jiki rangaɗau kamar jiya aka yi. Akwai wani ƙarami a bayan Pantheon an ɗora shi a kan mutum-mutumin giwa, wannan na yaronka ne.

Idan ka tsaya a wurin da Baba ya kwatanta maka a bayan Campidoglio, ƙofar da ke kusa da kai sosai ta Sarki Septimius Severus ce, an gina ta a 203, mutumin a Leptis Magna aka haife shi, wato Libiya ta yau, ya mulki daular gaba ɗaya daga 193 zuwa 211. Ni na daɗe a tsaye a wurin ina tunanin wannan. A Piazza Navona kuma maɓuɓɓugar tsakiya da masassaƙi Bernini ya yi a 1651 koguna huɗu take wakilta, Nilu da Ganges da Danube da Rio de la Plata, ka nemo wanda ya lulluɓe kansa da mayafi shi ne Nilu, saboda a lokacin Turawa ba su san inda kogin ya faro ba.

Akwai kuma wanda ba za ka gani ba amma ya kamata ka san labarinsa. A ƙarshen filin Circo Massimo, inda suke tseren keken doki a zamanin da, filin a buɗe yake tsawonsa kamar mita 600 kowa na shiga, akwai ginin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A gabansa ne dutsen Aksum ya tsaya shekara da shekaru, wanda sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937, Habashawa ba su taɓa daina neman kayansu ba har aka mayar musu a 2005, a jirgin sama gunduwa uku, aka sake kafa shi a garinsa a 2008. Idan na tuna wannan nakan ji daɗi har raina.

Idan kuna da sauran ƙarfi ku shiga layin A na jirgin ƙarƙashin ƙasa ku sauka Giulio Agricola ku taka zuwa Parco degli Acquedotti, filin shaƙatawa ne kyauta inda gadojin ruwansu na da suke jere baka bayan baka, ɗaya daga ciki an gama ta tun shekara ta 52, ruwa suke jawowa daga duwatsu masu nisan kilomita da yawa ba famfo ba inji sai gangara kawai da lissafi. Ruwan shahararriyar maɓuɓɓugar nan ta Trevi ma asalin hanyarsa ta shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa ce duk da ita maɓuɓɓugar a 1762 aka gama ta. Kuɗin da mutane ke jefawa ciki ana kwashewa a ba ƙungiyar Caritas ta taimaki mabuƙata, ya kan haura Yuro miliyan ɗaya a shekara, amma zancen wai in ka jefa za ka dawo Rum camfi ne kawai, ka riƙe kuɗinka. Af, kuma kada wani ya ce maka wannan garin ne aka ambata a Suratur Rum, malaman tafsiri sun ce Rumawan Gabas ake nufi masu hedkwata a Kustantiniyya, wato Istanbul ta yanzu, da yaƙinsu da Farisa.

'YarMakaranta ta amsa:

Sannunku duka. Yaya ni Kirista ce kuma na je sau biyu, bari in ƙara ɓangaren da ba a taɓo ba, kai da iyalinka ku duba abin da ya kwanta muku a rai. Dandalin St Peter a Batikan kowa na shiga, ba biza ba komai duk da cewa ƙasa ce mai zaman kanta, ginshiƙai 284 ne suka kewaye shi kamar hannu biyu a buɗe, ko ba ka shiga cocin ba ganin dandalin kaɗai ya isa a je. Shiga cocin ma kyauta ne, layin binciken tsaro ne kawai yake cin lokaci don haka sassafe ya fi, sharaɗinsu a rufe kafaɗa da gwiwa, na ga mata da hijabinsu da yawa a ciki ba mai ce musu komai. Hawa ƙubba ne na kuɗi. Ranar Lahadi ƙarfe 12 idan Fafaroma yana gari yakan leƙo ta taga ya yi jawabi, dandalin na cika sosai lokacin. Gidan tarihin Batikan shi nasa kyautar Lahadin ƙarshe ta wata ce ba ta farko ba, kada ka haɗa su, bai dace da ranakunku ba.

Wanda yake son aikin hannu, manyan ayyuka da yawa a cikin coci-coci suke ba a biya, zanen Caravaggio guda uku a San Luigi dei Francesi kusa da Navona misali. In kuma ba kwa son shiga to ku hau tudun Aventino, akwai lambun lemo mai baranda tana kallon kogin Tiber, gaba kaɗan kuma wata koriyar ƙofa a rufe da za ka ga mutane sun yi layi suna leƙa kafar makulli ɗaya bayan ɗaya, idan ka sa ido za ka hango ƙubbar St Peter can nesa daidai tsakiyar wata hanya mai shuke-shuke, ni dai tsigar jikina sai da ta tashi. Daga Circo Massimo tafiyar minti kaɗan ce.

Ɗalibi_Torino ya sake rubutawa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi ban zaci zan samu haka ba, na karanta wa maiɗakina tun daga farko har ƙarshe har ta ɗauko biro tana rubutawa. Na duba kalanda Lahadin tamu ita ce ta farkon wata alhamdulillah. Hajiya Maman Biyu na ji maganarki a kan yaron, amma gaskiya zuciyata na son in ga cikin Colosseum ɗin nan ko sau ɗaya ne, Baba ya kake gani, in na je ni kaɗai da asuba su kuma su same ni daga baya zai yiwu? Sannan ina za mu samu naman halal mai sauƙi, masaukinmu kusa da Termini yake.

Dattijo_a_Rum ya sake amsawa:

Hajiya ta fi ni gaskiya a kan yaron, ni na saba yawo da manya shi ya sa ban kawo shi a lissafi ba. Yadda ka ce ɗin ya yi ɗana, ka yi sallar asuba ka ɗan karya ka fita, daga Termini tasha biyu ce kawai a layin B, ka kasance a layi kamar awa ɗaya kafin a buɗe, ran nan a wurin ake karɓar tikitin kyautar, kuma da shi za ka shiga Forum da tudun Palatino. Su kuma su huta su same ka a Caracalla wajen hantsi, daga Colosseum da ƙafa ma za ka iya zuwa. Idan layin Pantheon da yamma bai yi tsawo ba ku shiga, faɗin ƙubbarsa mita 43 ne, siminti zalla ba ƙarfe a ciki, tana tsaye kusan shekara 1,900, da ƙatuwar huda a tsakiya inda rana ke shigowa, ruwan sama ma ta nan yake zubowa ya bi ƙananan ramuka a daɓen ya tafi.

Nama kuwa kun sauka a inda ya dace, kasuwar Esquilino tana kusa da Piazza Vittorio tafiyar minti goma daga Termini, akwai mahauta Musulmi a ciki da kayan miya iri-iri, unguwar kuma cike take da ƙananan gidajen abinci na halal. Ku je da safe ranar Asabar ko Juma'a don ba ta ci ranar Lahadi. Tikitin bas kuma kada ka manta ka buga shi a inji da zarar kun shiga, minti 100 yake yi daga lokacin da ka buga, idan masu duba tikiti suka same shi ba bugu tara za su rubuta maka ko da sabo ne fil a hannunka. Allah ya kawo ku lafiya, a gaida mai sunan malam.